Na baya shi ke fara zaɓe: darasin da muka ɗauko a wata fadar Tondibiya



Makon jiya muna tsakiyar shirin wasanni, wani dattijo ya bugo waya cikin fushi. Ya ce mana: "Ɗana, ku ja wa yaran nan kunne. Tun bayan isha'i har tsakar dare suna ƙofar gidana suna ihu a kan wani balon Amurka mai kama da gwanda, wanda babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa riƙe shi. Wai an sayar da wane, wai an yi asara. To mi ya haɗa su da shi?" Muka ba baba haƙuri, muka yi masa alkawarin za mu je mu ji da kunnenmu. Mun je kuwa, mun sha shayi tun daga na farko har na uku, kuma ga abin da muka dawo da shi. Baba yana da gaskiya a kan hayaniyar dare. Amma gardamar da yaran ke yi ba shirme ba ce. A cikinta akwai wata doka guda da ta kamata masu riƙe da ƙwallon ƙafarmu su zauna su yi nazarinta.

Mu fara da abin da ya tada ƙurar. A farkon watan Nuwamban 2025, ƙungiyar New York Jets ta miƙa ɗan wasanta Ahmad Gardner, wanda aka fi sani da Sauce, ga ƙungiyar Indianapolis Colts. Ba kuɗi aka biya ba kamar yadda muka saba ji a cinikin ƴan wasan Turai. Colts ta ba da damarta ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko har na shekara biyu, 2026 da 2027, ta ƙara da wani ɗan wasa guda. Nan fadar ta rabu biyu. Wani mai gyaran babur ya rantse cewa an cuci Colts: yaya za ka ba da samari biyu da ba ka ma ga irin baiwarsu ba, saboda mutum ɗaya da rauni guda zai iya kwantar da shi gobe? Wani ɗalibin jami'a ya ce a'a, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, Gardner an gan shi an san shi, waɗancan biyun kuwa har yanzu suna ajin makaranta. Mai dafa shayi ya ce shi dai tunda sunansa Ahmad, duk inda ya je yana bayansa. Aka kwashe da dariya, aka koma gardama.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, kamar yadda mu ma ba mu san shi ba lokacin da muke lise, ga shi a taƙaice. Mutum 11 ne ke fuskantar mutum 11. Kowace ƙungiya tana da rukunin masu kai hari daban, rukunin masu tsaro daban. A cikin masu hari akwai mai jifa, shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, akwai kuma masu gudu su cafke abin da ya jefa. Aikin Gardner da ire-irensa shi ne su hana a cafka. Su ne masu tsaron baya: biyu a gefe suna manne da masu cafka, wasu a can ƙarshen fili suna gadin ƙofar ƙarshe. Ku yi tunanin wahalar aikin. Mai cafka ya san inda za shi, kai ba ka sani ba. Shi yana gudu gaba, kai kana fara naka da baya-baya, idonka a kan ƙugunsa. Ka tare sau ashirin ba wanda zai ambace ka, ka kuskure sau ɗaya hotonka ya zagaya duniya. Duk da haka, wannan mai tsaron bayan albashinsa ya kai wajen dalar Amurka miliyon 30 a shekara. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta cefane ba.

Yanzu ga dokar da muke magana a kanta. Babbar gasar wannan wasa, NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Kowace shekara a ƙarshen watan Afrilu sukan taru kwana uku su raba samarin da suka fito daga jami'o'i. Suna kiran abin diraf. Zagaye bakwai ake yi, a ɗauki sama da mutum 250. Kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Wadda ta ɗauki kofi ita ke jiran kowa ya gama. Mai kuɗi ba shi da ikon ya zagaya ta bayan gida ya saye yaron. In yana son wuce layi, sai ya yi ciniki da mai lambar gaba, ya biya shi da nasa lambobin na bana ko na baɗi.

Ba tausayi ne ya haifi wannan tsari ba, lissafi ne. Wani mai suna Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, ya ga cewa manyan ƙungiyoyi suna kwashe duk wani yaro mai kyau, tasa kuma kullum sai shan kashi, ƴan kallo suna guduwa. Ya shawo kan sauran masu ƙungiyoyi cewa in kullum an san wanda zai ci, ba mai sayen tikiti, kuma kowa zai yi asara har da mai cin. Aka yi diraf na farko a 1936. Daga baya suka ƙara da wasu dokoki biyu: kuɗin telebijin na ƙasa ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi, kuma tun 1994 akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. A 2025 iyakar ta kai dala miliyon 279 da ƴan kai, wato sama da miliyar 150 na sefa, ga kowace ƙungiya. Da ta babban birnin New York da ta ƙaramin garin Green Bay, mai mutane dubu ɗari da ƴan kai, awo ɗaya ake yi musu. Wannan ƙaramin gari ma shi ya karɓi baƙuncin diraf na 2025.

Yana aiki? Sau da yawa, i. Washington Commanders ta ci wasa 4 kacal cikin 17 a kakar 2023. Wannan faɗuwar ta ba ta lamba ta biyu a diraf na 2024, ta ɗauki mai jifa Jayden Daniels, kuma a watan Janairun 2025 sai ga ta saura wasa ɗaya ta kai babban wasan ƙarshe. Magoya bayan da suka yi kuka bara, bana suna rawa. Abin da ya sa a can mai goyon bayan ƙungiya ta ƙarshe ba ya jefar da rigarsa ke nan, ya san watan Afrilu nasa ne.

Amma samun lambar farko ba ya nufin iya zaɓe, kuma nan ne gardamar fadar take da daɗi. Ɗalibin nan ya kawo misalin Jeff Okudah, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne. A 2020 Detroit Lions ta ɗauke shi a lamba ta uku, kowa na cewa an samu mai tsaron gefe na shekara goma. Raunuka suka bi shi, a 2023 aka miƙa shi ga Atlanta a kan lambar zagaye na biyar kawai. A ɗaya ɓangaren ga Richard Sherman, wanda aka bari har zagaye na biyar a 2011, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsaron gefe na zamaninsa, ya ɗauki kofi da Seattle a 2014. Shi kansa Tom Brady, mai kofi bakwai, sai a lamba ta 199 aka kira sunansa a shekarar 2000.

Mai gyaran babur kuma ya rama da labarin Travis Hunter. A daren 24 ga Afrilun 2025, wanda a agogonmu ƙarfe ɗaya na dare ne aka fara, cikin zafin nan na Afrilu da ba ya barin kowa barci, Jacksonville Jaguars ta ba Cleveland Browns lambarta ta biyar da wasu lambobi, har da ta zagayen farko na 2026, don ta hau lamba ta biyu ta ɗauki wannan yaro mai yin aiki biyu, yana cafka yana kuma tsaro. Kakarsa ta farko ba ta ƙare ba rauni a gwiwa ya ajiye shi. Mai gyaran babur ya ce: kun gani? Ɗalibi ya ce masa: je ka duba Eagles. A 2024 ta ɗauki masu tsaron baya biyu a jere, Quinyon Mitchell da Cooper DeJean, kuma a wasan ƙarshe na Fabrairun 2025, wanda ta doke Kansas City Chiefs da 40 da 22, DeJean ne ya fauce jifar Patrick Mahomes ya ruga da ita har gida.

Muna zaune muna saurare, abin da ya fi ba mu mamaki shi ne zurfin abin da yaran nan suka sani. Sun san tsawon yaron da ba su taɓa gani ba, sun san nauyinsa, sun san cikin daƙiƙa nawa yake cinye yadi 40, wato mita 36 da rabi, don ana auna su a bainar jama'a a birnin Indianapolis kafin diraf, a buga sakamakon kowa ya gani. Sai muka yi musu tambaya ɗaya: wane ne ya fi kowa iya tsaron baya a cikin ƴan ƙasa da shekara 20 a nan Yamai? Fada ta yi tsit. Aka shiga kallon juna. Wani ya ce akwai wani dogo da ya gani a gasar babban hutu, TGV, amma bai riƙe sunansa ba, kuma bai san inda ya shiga ba.

To, jama'a, nan ne ciwon yake. Ba laifin yaran ba ne. Suna gardama a kan abin da aka ba su bayaninsa. Namu ba a ba su komai ba.

Mu duba shampiyonarmu. Daga 2013 zuwa 2024, waɗanda suka ɗauki kambun su ne AS Douanes, AS GNN, AS FAN, AS SONIDEP, USGN, AS Nigelec: ƙungiyoyin hukumomi da manyan kamfanonin ƙasa, kuma dukansu a Yamai suke. Tsofaffin ƙungiyoyin jama'a irin su Sahel SC da Olympic, waɗanda kakanninmu suka yi wa ihu, sun koma ƴan rakiya. In ana maganar jihohi kuwa, sai an koma farkon shekarun 1980 a tuno lokacin da Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram suka ɗaga kambun ƙasa. Ba mu zargin ƙungiyoyin hukumomi da komai. Gaskiya ma su ne suka riƙe gasar da ba don su ba da ta durƙushe, su ke da albashin da ke zuwa a kan lokaci, su ke da motar tafiya Arlit ko Difa. Yaron da ya zaɓe su ya yi wa kansa da uwarsa gata. Amma sakamakon a fili yake: duk yaron da ya ɗaga kai a Tawa, a Doso ko a Agadas, kafin garinsu ya more shi an kawo shi Yamai, wani lokaci ma ya ƙare a kan benci yana kallon wasu. Ƙungiyar da ta rene shi ta koma neman wani daga tushe. Mai ƙarfi yana ƙara ƙarfi, na baya yana ƙara nisa. Sai kuma mu zo rediyo muna tambaya don mi filin Seyni Kountché yake wayam ranar wasan shampiyona, alhali gidajen kallon Barcelona da Real Madrid babu masaka tsinke. Amsar ita ce wadda Bert Bell ya gano tun shekara casa'in da suka wuce: ba wanda ke biyan kuɗin kabu-kabu don ya je kallon abin da ya riga ya san ƙarshensa.

Wani zai ce, to wannan ai al'adar Amurkawa ce, ba tamu ba. Haba! Mu da muke da kokawa? Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ƙa'idar ita ce daidaito. Yau jihohi takwas ne, kowace ta kawo ƴan kokawa goma, ba a ce Yamai ta kawo ashirin don ita ce babban birni ba. Baƙuncin ma zagayawa yake yi daga jiha zuwa jiha. Shi ya sa in an fara, ƙasa duka take tsayawa, mai shago ya ƙure rediyo, tsohuwa a ƙauye ta san sunan ɗan kokawar jiharsu da na ubansa. Kowa yana jin yana da rabo. Ashe dabarar tana cikin gidanmu, ƙwallon ƙafa ne kawai ba mu shigar da ita ba.

Sai magana ta biyu, wadda mu ƴan rediyo muka fi kowa laifi a cikinta: raina na baya a cikin fili. Wa ya manta watan Oktoban 2010, ranar da Mena ta doke Masar, mai riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, da ci ɗaya da nema a nan Yamai? Kowa zai ce maka Moussa Maazou ne ya ci, kuma gaskiya ne, Allah ya saka masa. Amma ci ɗaya ba ya zama nasara sai in an hana a rama. Su wa suka hana? Ƴan kaɗan ne za su iya jero maka su. A 2013, makinmu na farko a tarihin kofin Afirka ya zo ne daga canjaras babu ci da Kwango Kinshasa, ranar da Kassaly Daouda ya zama katanga a raga. Masu tsaron baya na wancan zamani irin su Koffi Dan Kowa da Mohamed Chikoto sun ɗauki nauyin ƙasa a kafaɗarsu, amma yaro nawa ne a Tondibiya ya taɓa rubuta sunansu a bayan rigarsa? A filin unguwa har yau, wanda bai iya ba shi ake cewa "kai koma baya", mai ƙiba kuma a tura shi gola. Can kuwa ƙungiya na ba da zaɓen shekara biyu don mai tsaron baya ɗaya. Mu a nan in za mu karanta sakamakon wasa, sunan mai ci kawai muke faɗi. Mun amsa laifinmu.

Kada a ɗauka muna cewa komai na can zuma ne. Akwai ɗaci, kuma mun faɗa wa ƴan fada shi ido da ido. Na farko, yaron da aka zaɓa ba shi da bakin magana: inda aka kira shi can za shi, kuma tun 2011 albashin sababbi a ƙayyade yake gwargwadon lambar da aka ɗauke su. Na biyu, tsarin yana iya sa ƙungiya ta riƙa sakaci da gangan a ƙarshen kaka don ta samu lamba mai kyau, kuma akwai irin Cleveland da ta sha zaɓe a sahun gaba amma ta yi kakar 2017 ba ta ci wasa ko ɗaya ba cikin 16. Na uku, gasarsu rufaffiya ce, ba a faɗuwa rukuni na biyu, ba a hawowa, attajirai 30 da ƴan kai ne suka kulle ƙofa. Na huɗu kuma, wasan kansa yana cin jiki. A 2017 masana a jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin ƴan wasan NFL 111 da iyalansu suka bayar bayan rasuwarsu, suka sami ciwon da yawan karo ke jawowa a cikin 110. Ko da yake iyalan da suka ga alamun ciwo su suka fi kawo nasu, adadin ya isa ya sa uwa ta yi tunani. Don haka ba mu ce a kawo mana kwalkwali da sulke a filin unguwa ba. Tun 2022 NFL ta fara zuwa Afirka neman samari, ta buɗe da sansani a Gana. In ta iso nan wata rana, iyaye su yi tambaya kafin su sa hannu.

Kuma ƙwallon ƙafa ba zai iya kwafar diraf sak ba, don kasuwarsa ta duniya ce. In ka tilasta wa yaro ƙungiyar da ba ya so, gobe ya tsallaka Kano, Kotonu ko Wagadugu. Abin da za mu ɗauka shi ne ruhin dokar, mu ɗinka ta daidai jikinmu. Ga abin da muke gani, kuma muna miƙa shi ga FENIFOOT, da shugabannin ƙwallo na jihohi, da masu shirya gasar unguwanni.

Na ɗaya, a yi ranar awo a fili. Sau ɗaya a shekara, bayan gasar babban hutu, kowace jiha ta tara zaratan ƴan ƙasa da shekara 18 da 20. A auna tsawo, a auna gudu, a duba takardar haihuwa ta gaskiya, a buga wasa a gaban masu horarwa, a wallafa sakamakon. Mu mutanen Tondibiya mun san yadda ake tantance samari, ga sansanin horar da soja nan maƙwabcinmu. Agogo, igiyar awo da littafi ba su kai kuɗin liyafa guda ba. Ranar da aka yi haka, ƴan fada za su sami namu na yin gardama a kai.

Na biyu, na baya ya fara magana. Daga cikin waɗanda aka auna, ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan teburi da waɗanda suka hawo sabo su sami damar fara yi wa yaro tayi, a ba su ƴan makonni kafin manya su shigo. Yaro yana da ƴancin ya ƙi, amma aƙalla an ƙwanƙwasa ƙofarsa. A kuma sa iyaka ga yawan ƙananan ƴan wasan da ƙungiya ɗaya za ta tara. Wanda ba ta sa shi a fili ba, ta ba da aronsa ga wadda za ta sa shi. Ƙafa ba ta koyon ƙwallo a kan benci.

Na uku, duk abin da ya shigo da sunan gasar baki ɗaya, tallafi ne ko kuɗin masu talla, a raba shi daidai, a kuma ƙara wa masu doguwar tafiya kuɗin hanya. Ƙungiyar da ke tasowa daga Arlit ba ɗaya take da wadda ke tsallaka titi ta shiga fili ba.

Na huɗu, kuma wannan ya fi shafar iyaye da masu horar da yara a unguwa: a yi wa yaro lasisi. Dokar FIFA ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai in sunansa yana rubuce a rajista. Malamin da ya shekara shida yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda, in ba takarda, ko dala ba zai gani ba. Dokar FIFA ɗin nan kuma ta hana fitar da yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa don ƙwallo, sai a ƴan wasu halaye ƙalilan. Saboda haka duk wanda ya zo muku da jaka da turare ya ce a sayar da gona ko garka zai kai ɗanku mai shekara 15 Turai, ku tambaye shi takardunsa, ku kai maganar hukumar ƙwallo kafin ku ba da ko tamma. Mun san gidajen da suka yi kuka a kan haka.

Na biyar namu ne, kuma ba mu jiran izinin kowa. Daga wannan mako, duk sakamakon da za mu karanta a shirinmu, za mu haɗa da sunan mai tsaron bayan da ya fi taka rawa. Muna roƙon masu shirya TGV, in za a ba mai yawan ci kyauta, a ba mai yawan hana ci irinta, ba ragowar ba.

Mu koma ga baba mai waya. Baba, mun isar da saƙonka. Yaran sun amsa cewa daga ƙarfe goma sha ɗaya za su rage murya, daren diraf kuma za su koma can bakin garka inda ba su tada kowa. In sun saɓa, ka sake bugowa, mu da su ne. Amma muna roƙonka kada ka kore su. Samarin da za su zauna su auna ribar yau da ta shekara biyu masu zuwa, su kawo hujja da lissafi, su saurari wanda ya saɓa musu ba tare da an kai hannu ba, ba ƴan zaman banza ba ne. Cikinsu akwai mai farautar ƴan wasa, akwai mai riƙe littafin ƙungiya, akwai ɗan jaridar da zai gaje mu. Abin da suka rasa shi ne a ba su na gida su yi aiki a kai.

Ku kuma ƴan fada, ga aikin gida. Kafin Afrilu mai zuwa, kafin ku kawo mana jerin masu tsaron bayan jami'o'in Amurka, muna son jerin biyar na Tondibiya, Kubiya da Gudel: wa ya iya karanta wasa, wa ke da gudu, wa ke tashi sama, wa ke da sanyin kai in an matsa. Ku je fili da littafi da biro. Ku yi gardama a kansu kamar yadda kuke yi a kan Gardner. Mu kuma mun yi alkawarin buɗe muku makirfo.

Jama'a, ku fa? In aka ce na baya ya fara zaɓe a shampiyonarmu, adalci ne ko tauye mai ƙoƙari? Wane mai tsaron baya ne kuka taɓa gani a unguwarku da ya ɓace ba a san inda ya yi ba? Ku rubuto mana a ƙasa, cikin ladabi kamar kullum, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya yi wa yaranmu albarka. Sai mun ji ku.